Ƙaramin Ƙoƙo da Doguwar Rakiya

Ba zan iya rantsewa cewa komai ya faru yadda zan faɗe shi ba. Shekaru sun ja, kuma na lura ƙwaƙwalwata takan haɗa damina biyu ta maishe su ɗaya, ko ta ɗauki maganar wani ta sa a bakin wani. Maiɗakina ta saurari wannan rubutu ta ce akwai wuraren da ba haka aka yi ba, amma da na ce ta nuna mini su sai ta ce ita ma sun shige mata. Don haka mai karatu ya riƙe abin da hannu biyu, kada ya matse shi da yawa.

Abin ya faru ne a shekarun da aka buɗe jam'iyyu, bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai. Lokacin ina malamin gona a Gazawa, ban daɗe da gama jami'a ba. Aikina shi ne in zagaya ƙauyuka a kan moton buro, wato babur ɗin ofishinmu, in duba gonakin gwaji, in raba irin wake da na hatsi, da maganin ƙwari in ya samu. Tun ina lakol, wato makarantar boko, ni mutum ne mai tsoron a ce na yi ba daidai ba. Ranar da shugaban buronmu, wanda muke ce wa shef, ya tara mu ya ce ma'aikacin gwamnati ba shi da jam'iyya a bakin aiki, sauran abokan aiki sun gyaɗa kai sun koma hirarsu. Ni kuwa na ɗauki maganar na kai ta gida, na yi ta juya ta. Ni nake raba iri. In aka ce na karkata, duk wanda bai samu ba zai ce don tutar da ke ƙofar gidansa ne.

Akwai wani ƙauye a hanyar Gangara, ba shi da nisa sosai da Gazawa, wanda nake zuwa kowane mako saboda gonar gwajinmu tana can. Manyan gidaje biyu ne a garin. Na gabas na Alhaji ne mai shago, wanda ke shigo da kaya daga tsallaken iyaka. Na yamma na Sarkin noma ne. Su biyun taubasai ne, uwar Alhaji ƙanwar uban Sarkin noma ce, kuma an gaya mini tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da jam'iyyu suka zo sai kowanne ya kafa tutarsa. Ba su yi faɗa ba, a iya sanina. Wasan ne kawai ya tsaya, suka koma gaisuwar "ina kwana, lafiya lau", kuma tsofaffin garin sun ce wannan ya fi faɗa muni.

A ƙasar nan baƙo ba ya shiga zaure ya fita da bakinsa a bushe. Za a kawo ruwa, a kawo fura, in ya ɗan jima a kawo tuwo. Da can duk gidan da rana ta same ni nan nake ci. Wata rana hadari ya taso, na sha fura a gidan Alhaji na hau moto na gudu, ban biya ta yamma ba. Da na dawo mako na gaba, Sarkin noma ya tarbe ni yana murmushin da bai kai ido ba.

"Malam, barka da zuwa. Ashe ka yanki kati ba mu ji ba?"

"Wane kati, ranka ya daɗe?"

"A'a, ba komai. Mun dai ji an ce furar gabas ta fi gardi."

Ranar na ci tuwonsa har na suɗe kwano, don in wanke kaina. Daga nan na kafa wa kaina doka: duk abin da na ci a gabas sai na ci irinsa a yamma. Ban san cewa labarin kwanon da na bari yana riga ni isa ɗaya gidan ba. In Alhaji ya sa aka zuba man shanu a miya, Sarkin noma sai ya sa a dafa ƙwan zabi. In Sarkin noma ya yanka zabuwa, mako mai zuwa zan tarar da balangu a takarda a zauren Alhaji, ga shayi mai sukari har yana kama leɓe. Sauran ƙauyukan da nake zuwa su ma kusan haka abin yake, kowanne da gabas ɗinsa da yammansa. In na dawo gida kuma ga tuwon maiɗakina yana jira, kuma ita ma ba na son ta ce na karkata.

A wannan zamanin albashi ba ya zuwa a kan kari. Abokan aikina suna ramewa, ni ina cika riga. Wani malamin lakol da muke zama a inuwa ɗaya ya dube ni wata rana ya ce, "Kai wane asusu ke biyanka?" Da wasa ya faɗa, ina tsammani, amma na kwana biyu ina jin zafin maganar, don na san wasu za su ce irin wake nake sayarwa. Wadda ta yi murna tsakani da Allah ita ce mahaifiyata. Ta zo daga garinmu, wajen Gidan Sori, ta zagaya ni kamar mai taya bijimi a kasuwa, ta shafa wuyana ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗiyan mutane sun riƙe min kai da kyau. Yanzu ka zama mutum." Ta ba maiɗakina turmin atamfa.

Jikina kuwa wani labari yake ba ni. Ƙeyata takan yi nauyi da hantsi. In na yi ruku'u sai in ji numfashi yana yankewa, zaman tahiya ya zama aiki. Moto ya fara nutsewa a yashin gulbi a wuraren da da can yake wucewa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe a kwance ɓarin jikinsa a shanye kafin ya rasu, kuma ni na riƙa juya shi a tabarma, saboda haka ba sai an yi mini bayani ba. Na je likita, wato asibitin garin, wurin majo, babban ma'aikacin jinya, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya saurara, ya sake matsawa.

"Tansiyo ɗinka, jininka ke nan, ya fara hawa," ya ce. "Bai kai inda zan tsorata ba, amma hanyar ya kama."

"Sai magani ke nan?"

"Akwai ƙwaya. Daga Maraɗi ake kawo ta, wani watan ta zo, wani watan ba ta zo ba, kuma in ka fara ba a ajiyewa. Kai yaro ne. Na ba ka zuwa kaka. Ka rage ci, ka rage gishiri da mai da sukari, ka taka ƙasa da ƙafarka. Duk wata ka zo in auna. In an gama ɗaure hatsi bai sauka ba, ni da kaina zan rubuta maka, kuma ba za ka yi mini gardama ba."

Damina ta faɗi ke nan lokacin, ana shuka. Na fita ina lissafin abin da ke gabana: ko in sauke wannan jiki kafin kaka, ko in shiga jiran ƙwayar Maraɗi har ƙarshen raina. Ya kamata in ce a nan, don kada a fahimce ni a karkace, ba ina hana kowa shan magani ba ne. Wanda likita ya rubuta wa ya sha. Ni dai an ba ni wa'adi ne, kuma wanda ya sani ne ya ba ni.

Rage ci a gida ba shi da wuya sosai. Matsalar tana ƙauye. Da farko na gwada faɗin gaskiya. Na ce wa Alhaji majo ya hana ni cin mai da yawa.

"Majo? Wanda ƙanensa ke yawo da hular mutanen yamma? To, mun gane."

Na ce wa Sarkin noma haka nan, ya riƙe haɓa. "Fura ce za ta kashe mutum? Kakana da ita ya rayu har haƙoransa suka zube suka bar shi. Ko dai ka ƙoshi ne daga gabas?"

Ranar ma na ci sau biyu. Na yi tunanin in riƙa cewa ina azumi, amma ƙarya ce, kuma ba zan iya ba. Na yi tunanin in yi azumin da gaske a ranar zuwa ƙauyen, sai kuma na shiga damuwar niyya, ko don Allah nake yi ko don tumbi. Ban sami amsar da ta kwantar mini da rai ba, na bar shi.

Mafita ta zo ne daga fushin maiɗakina. Wata rana da yamma na ci rabin malmala na ture kwano, na kuma yi mata dogon bayani a kan yawan man da ya kamata miya ta ɗauka. Ta saurara har na gama. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙoƙo da take auna kanwa da shi, ta dangwara mini a gaba.

"Tunda kai komai sai da awo, ga ma'auni. Ka rataya a wuya ka riƙa bin gari da shi."

Gatse ta yi. Amma ni ba na saurin gane gatse, kuma ko da na gane, ƙoƙon ya riga ya shiga raina. Na wanke shi, na huda gefensa na zura igiya, na sa a jakar aiki.

A zauren Alhaji, da aka kawo ƙwaryar fura, na fito da shi. Na ce, "Alhaji, daga yau cikin wannan zan sha a nan, cikinsa zan sha a can. In tuwo ne, abin da zai cika shi. In nama ne, tsoka guda."

Ya karɓi ƙoƙon ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa gindinsa da farce kamar zai saya.

"A can ma iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

"Ko ya yanka maka raƙumi?"

"Ko ya yanka raƙumi."

Sai ya cika shi da hannunsa har yana zuba, ya miƙo mini. Da na tashi zuwa yamma sai ga ƙanensa yana biye da ni, wai zai je duba wata akuya. Ya tsaya a bakin zauren Sarkin noma har na shanye na kife ƙoƙon, sannan ya tuna ba ta nan akuyar take ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya ji haushi. Ina jin, ko da yake ban tabbata ba, ƙoshina bai taɓa damunsu ba kamar yadda tsoron a fi su ya dame su. Sun dai gwada dabara. Sarkin noma ya sa aka dama fura mai kaurin da ludayi zai tsaya a ciki, Alhaji ya sa aka danna tuwo a ƙoƙon da bayan cokali har ya yi tozo. Sai da na ƙara sharaɗi: fura ruwa-ruwa, ba sukari, tuwo daidai baki. Kowanne ya yarda da sharaɗin da zarar ya ji ya hau kan ɗan'uwansa.

Saura tafiya. Man moto dama yana wuya a buro, don haka ba wanda ya tambaye ni dalili da na fara barinsa a gida ranar zuwa wannan ƙauye. Nakan fita bayan sallar asuba, in ratsa gulbi ta cikin goriba, in bi hanyar amalanke tsakanin gonaki. Tafiyar farko ba zan manta da ita ba. Cinyoyina suka goge juna har suka yi ja, gumi ya jiƙa takardun aikin da ke jakata, na zauna a gindin bishiya ya fi a ƙirga. Wata Bafulatana mai tallan nono ta wuce ni, ta dawo da baya ta tambaye ni ko moton ne ya mutu, ko kuwa an ƙwace. Na ce lafiyarsa lau, yana gida. Ta dube ni, ta dubi hanya, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tafi tana waiwaye.

Akwai abin da ban yi lissafi da shi ba, wato rakiya. Mai moto ana raka shi ne zuwa inda ya jingine motonsa, ya tayar, a ɗaga masa hannu. Mai ƙafa kuwa dole a taka masa. Ranar farko daga gidan Sarkin noma na yi sallama, sai ya saɓa sandarsa ya raka ni har rijiyar bayan gari. Labari ya kai gabas. Mako na gaba na sauya tsari don adalci, na ƙare da gidan Alhaji, shi kuwa ya zura takalmi ya wuce rijiya da ni, har wani babban gawo da ke tsakiyar gonaki. Alhaji ya fi ni jiki nesa ba kusa ba, kuma rabonsa da tafiya mai nisa tun yana saurayi yana fatauci. Ya iso gawon yana huci, amma ya tabbatar masu noma a wurin sun gan shi.

A mako na uku, ko na huɗu, ban riƙe ba, na fito daga gari sai na ga su biyun duka a bakin hanya, kowanne da mutanensa. Babu wanda zai bari a ce ɗaya ya fi shi girmama baƙo. Alhaji ya kama damana, Sarkin noma ya kama haguna, jama'arsu suka biyo baya a layi biyu, kamar masu kai amarya amma ba guɗa. Ba mai magana. Ni da shiru ke tayar wa hankali na yi ta zuba bayani a kan tsutsar wake da tazarar shuka, ba mai amsawa. Muka wuce gawo. Babu wanda ya yarda ya fara cewa "to, Malam, a sauka lafiya", don wanda ya fara juyawa shi ya gaza. Haka muka yi ta tafiya har bakin gulbi, inda rufin kwanon Gazawa ke hangowa, sai na tsaya na roƙe su don Allah su koma. Suka juya tare.

An yi makonni ana haka. Hatsi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya rufe mutum. Wata rana da zafi, mun wuce gawo, numfashin Alhaji yana fita da ƙara kamar zugazugin maƙera, sai Sarkin noma ya yi gyaran murya, idonsa a kan hanya.

"Malam, gaya wa na damanka ya sauke buhun da ya ɓoye a cikin riga. Babu duwan masu kama kayan fasa-ƙwauri a hanyar nan."

Na fara neman yadda zan mayar da zancen kan tsutsar wake. Alhaji ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya ja iska.

"Malam, gaya wa na hagunka in guguwa ta taso ya kama rigata. Kada a tsince shi a Najeriya ba takarda, a ce ni na shigar da shi."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, sai duk layin biyu suka ɗauka. Ni dai na isar da saƙon kowanne kamar yadda aka umarce ni, kalma bayan kalma, abin da ya ƙara musu dariya. Na yi makonni ina wannan aikin tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai. Daga baya suka sallame ni, suka koma yi kai tsaye ta saman kaina, ɗaya yana ce wa ɗaya rumbu, ɗayan yana amsawa da karan dawa.

A gida kuma maiɗakina ta sauko daga fushi ta karɓi aikin, har ta fi ni tsanani. Kwaɗon zogale da na tafasa, wake da ɗan mai kaɗan, miyar kuka ba gishiri sosai, tuwo da rana maimakon da dare. Shayi na bar shi sai ɗan kofi guda ba sukari, wanda har yau ban ce yana da daɗi ba. Abin da ke damunta shi ne bakin mata. A lokacin in namiji ya fara ramewa, ko a ce matarsa ba ta iya girki ba, ko a yi ƙasa da murya a ambaci wata cuta. Ta ce mini ta gaji da amsa "yaya mai jiki" a gidan suna. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya sa take ce musu su je su tambayi ƙoƙon kanwarta.

Raguwar ba ta zo da sauri ba. Watan farko majo ya auna ya ce, "Hm." Wata na biyu ma "Hm" ya ce, na fita ina tunanin ko wannan "Hm" ɗin ya fi na baya sauƙi. Akwai lokacin da na ga kamar komai ya tsaya cik, na koma wurinsa ba ranar awo ba, ya kore ni da cewa ramar gaggawa ta mai ciwo ce, in je in ci gaba. Wanda ya fara ba ni labari mai daɗi shi ne badukun kasuwar Gazawa. Shi ya riƙa huda mini sabon rami a bel lokacin da nake cika. Ranar da na kai masa ya huda ta ɗaya gefen, ya ɗaga bel ɗin sama ya nuna wa maƙwabtansa. "Ku ga ikon Allah, ma'aikaci yana komawa baya! Malam, ramukan bara fa, in toshe su ko za ka dawo?" Na ce ya bar su, don ban yarda da kaina ba tukuna. Amma a hanyar gida na lura ina tafiya ina 'yar waƙa, abin da ba ɗabi'ata ba ce.

Hatsi ya fara fitar da kai lokacin da shef ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce magana ta je har Agye, wurin manya, cewa malamin gona yana jagorantar marshi, wato zanga-zanga, kowane mako daga ƙauye zuwa bakin gulbi, da mutanen jam'iyyu biyu a bayansa, kuma ana zargin ta uku yake shirin kafawa. Zamanin marshi ne, kowa ya ga taro yana tafiya a hanya abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Duk wannan ciye-ciye da na yi don kada a ce ina da jam'iyya, ga shi an ba ni tawa ni kaɗai.

"Daga gobe ka hau motonka," in ji shef. "Ni zan nemo maka mai."

Na san in na koma kan moto a lokacin, saura kaɗan kaka, aikin zai iya rushewa. Ban saba yin musu da na gaba da ni ba, amma ranar na yi. Na fito da ƙoƙon daga jaka na ajiye a teburinsa, na ba shi labari tun daga hadarin nan har zuwa "Hm" ɗin majo, ina yi ina gyara abin da na faɗa. Na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa kafin ya yanke. Ya dubi ƙoƙon, ya dubi tumbinsa, don shi ma ba baya ba ne, ya ce zai zo.

Ranar ya sa direba ya ajiye shi a bakin gulbi, ya tsaya a bayan goriba yana jiran ya ji taken jam'iyya. Abin da ya ji shi ne muryar Sarkin noma tana cewa in Alhaji ya faɗi a nan sai an nemo shanun huɗa kafin a ja shi gida, da muryar Alhaji tana cewa shi aƙalla in ya faɗi za a gan shi. Da shef ya fito daga maɓoyarsa, taron ya tsaya, aka gaisa da ladabi. Sai Alhaji ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya juya wurin taubashinsa.

"Kai, karan dawa, wannan fa?"

"Wannan ƙoƙo biyu zai buƙata, ɗaya na safe ɗaya na tuba."

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "baƙo ne kai, kuma ba a barin baƙo ya tafi shi kaɗai. Mu taka maka."

Ba yadda ya iya. Suka sa shi a tsakiya, suka ratsa yashin gulbi da shi har cikin Gazawa, mota tana bin mu a baya a hankali, direba yana dariya har yana dukan sitiyari. Washegari shef ya shigo buro yana ɗingishi, ya ce in ci gaba da tafiyata, da sharaɗin kada a ɗauko tuta ko hular jam'iyya. Ya ce shi zai yi wa Agye bayani, ko da yake bai san ta inda zai fara ba.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, amalanke suka cika hanya. Na je wurin majo da sassafe. Ya ɗaura, ya matsa, ya saurara. Ya kwance ya ɗaura a ɗaya hannun. Ya cire abin daga kunnensa ya naɗe a hankali, kamar ba mai jiransa.

"Je ka," ya ce.

"Ƙwayar fa?"

"Na ce je ka. Ka dai riƙa zuwa duk wata. Kuma kada ka yar da ƙoƙon nan, na ji labarinsa."

Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba. Daga likita ban biya gida ba, na miƙe hanyar ƙauyen, ba ranar zuwana ba ce ma, na isa ban zauna a gindin ko bishiya ɗaya ba. Na tarar da su biyun a inuwa ɗaya suna gardama a kan farashin wake. Da suka ji, Alhaji ya ce sai an yanka rago, Sarkin noma ya ce shi zai kawo hatsin fura, aka yi walima da la'asar. Aka ɗora mini cinya guda a gaba, jama'a suka zuba ido. Na sa hannu a jaka na fito da ƙoƙon, wurin ya kaure da ihu.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta yi murna ba. Da na je gida bayan kaka ta gan ni ta fashe da kuka, ta ce mi anka yi min, ta ce a maido mata da atamfarta. Sai da na bi ta gona na ɗauko damin hatsi a ka har gida, na dire ban yi haki ba, sannan ta yi shiru. Ta ce ƙarfin ta gani, amma wuyan nan har yanzu bai yi mata ba. Ba ta canja ra'ayi ba har ta koma ga Allah.

Taubasan nan ba su haɗe jam'iyya ba, kowanne ya jefa ƙuri'arsa inda ya so, kuma na ji sun sake ɓatawa a wani zaɓen daga baya, sun kuma shirya. Rakiyar ta ragu da kanta bayan an sauya mini wurin aiki. Ƙoƙon ya taɓa tsagewa, gyartai ya ɗinke shi, yana nan a rataye. Ƙwayar Maraɗi kuwa ban fara ta ba sai da furfura ta cika mini kai, kuma da likita ya ce lokaci ya yi ban yi gardama ba, kamar yadda na yi wa majo alkawari.

Na san akwai waɗanda suka taka wannan hanya tare da mu da ke raye, a ƙauyen da Gazawa da wajen Gangara. Ina roƙonsu, in wannan ya iso gare su ko aka karanta musu, su aiko mini da gyara ta hannun duk wanda ya san gidana. Ban tabbata ko Sarkin noma ne ya fara tsokanar ko Alhaji ba, iyalan kowanne suna cewa nasu ne. Ban tabbata ko itacen nan gawo ne ko tsamiya ba. Maiɗakina kuma ta dage cewa ƙoƙon na gishiri ne, ba na kanwa ba. Wanda ya riƙe fiye da ni ya faɗa, zan gyara, in kuma gode masa.